Arahar Toyota a Ƙofar Ruwa take, ba a Japan ba

 

Akwai wani musu da ba ya tsufa a majalisunmu, tun daga teburin mai shayi har bakin gareji: wace mota ce ta fi sauƙin riƙo? Kafin mai tambaya ya rufe baki wani ya ce Toyota, a tafa. Mai Honda ya ɗan yi gunaguni. Mai Marsandi ya ce rashin kuɗi ne ke sa mutane zagin motarsa. Dattijon da ya ci zamanin Fijo ya girgiza kai ya ce ku yaran yanzu ba ku san mota ba. Da yawanmu masu wannan musu ko babur ba mu ajiye ba tukuna, amma maganar tamu ce. A cikinmu akwai mai zubin adashe don ya sayi motar da zai riƙa ɗan haya da ita bayan an tashi daga aiki. Akwai wanda yayansa ke shirin zuba rabon gadon gida a mota ɗaya. Akwai wadda maigida ya ce ta zaɓa. Wanda ya zaɓi tumun dare a irin wannan hali, jarin ne gaba ɗaya zai koma kan duwatsu huɗu a ƙofar gida, awaki na kwana a ƙarƙashinsa.

Mun yarda cewa a yau, a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, ƙaramar Toyota ta fi sauran motoci sauƙin riƙo. Inda muka rabu da 'yan majalisa shi ne wajen dalili. Su suna ganin sirrin a cikin ƙarfen yake, wai mutanen Japan sun ƙera abin da ba ya lalacewa. Mu kuwa muna ganin rabin sirrin, ko fiye, a kasuwarmu yake: yawan motar a kan titi, yawan kayanta a shaguna, yawan hannayen da suka saba da kwance ta, da yawan masu jira su saya in ka gaji da ita. Wanda ya gane wannan zai iya hango motar da ba ta da tambarin Toyota amma tana da araharta, zai kuma iya hango Toyotar da za ta cinye masa aljihu.

Kuɗin da ka miƙa wa dillali kafin alƙalami ne kawai. Ainihin kuɗin mota sai bayan shekara biyar ake saninsa: abin da ka saya, a cire abin da ka sayar, sannan a ɗora man fetur, juyen baƙin mai, tayoyi, batir, gyare-gyare, da kwanakin da ta yi a gareji kana biyan ɗan adaidaita. Takardu ba sa raba gardama. Inshorar dole da hukumar NAICOM ta ɗaga daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, mai Corolla da mai Marsandi duk ɗaya suke biya in motar gida ce. Sauran abubuwan ne ke bambanta mota da mota.

Kafin 29 ga Mayun 2023 shan mai bai cika shiga lissafin mai sayen mota ba. Lita tana ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati, mai V6 yana tafiyarsa hankali kwance. Da aka cire tallafi a ranar, cikin 'yan kwanaki lita ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake 1,000. Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce mota ɗaya tana shan lita 8 a tafiyar kilomita 100, ɗayar tana shan lita 12, kowacce kuma tana cin kilomita 15,000 a shekara. Ta farko za ta sha lita 1,200, ta biyu 1,800. In mun sa lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, bambancin naira 600,000 ne a shekara, miliyan 3 a shekara biyar. Ga abin lura a nan: wannan bambanci tsakanin inji da inji yake. Camry mai silinda shida da Highlander da Lexus RX duk 'yan gidan Toyota ne, kuma duk mashaya ne idan aka gwada su da Honda Civic ko Hyundai Elantra. Wanda ya ce "Toyota ba ta shan mai" ya je ya sayo Sienna, gidan mai zai gyara masa magana.

Sai dala. A Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ke wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Kusan duk abin da ake ɗaura wa mota a ƙasar nan daga waje yake zuwa, daga fulogi har shokazoba. Tashin ya taɓa kowa, sai dai bai taɓa su daidai ba. Kayan da ke jibge a Ladipo ta Legas da Nnewi da Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, masu shago goma na gasa a kansa, ga kuma na kwance, farashinsa yana hawa a hankali, kana iya taya shi. Kayan da sai an yi oda daga Dubai ko Jamus kuwa, farashin dalar ranar za ka biya, da kuɗin jirgi, motarka na zaune mako biyu ko uku tana shan ƙura.

Dattijon nan mai girgiza kai yana da gaskiyarsa, ya kamata mu saurare shi. Akwai lokacin da Fijo ce Toyotar ƙasar nan. Kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, a farkon lamarin ma ta jirgin sama ake ɗauko sassan daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Gwamnati ta mai da Fijo motar ofis, tun daga sakatare har shugaban ƙasa. 504 ta cika tasha, ta cika ma'aikatu, ta zama motar asibiti, ta zama akori-kura. Duk ƙauyen da ke da makanike, 504 ya fara koya. Idan ta tsaya maka a dajin Falgore, yaron gareji na garin gaba zai tashe ta da sifana biyu da guntun waya. Faransa ta daina ƙera ta tun farkon shekarun 1980, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000.

Me ya kashe mata kasuwa? Ƙarfenta bai canja ba. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai tokumbo ta shigo ta Legas da Kwatano. Motocin Japan masu ƙaramin inji suka yawaita, masu shago suka bi su da kaya, yaran gareji suka koma koyon su. A yau wanda ke riƙe da 504 shi ne ke yawon neman kaya. Motar da ta fi kowacce araha a 1980 ta zama ta masu sha'awa. Da a ce araha a cikin tambari take, da hakan ba ta faru ba.

Misali na biyu yana yawo a titunanmu kullum. Pontiac Vibe sunan Amurka take ɗauke da shi, kamfanin General Motors ya rufe Pontiac ɗin gaba ɗaya a 2010. A ƙa'ida motar da kamfaninta ya mutu marainiya ce, ya kamata a guje ta. Amma ku duba yadda jama'a ke rububinta a Arewa. Dalili shi ne an haɗa ta ne a wata masana'anta ta haɗin gwiwar General Motors da Toyota a Kalifoniya, 'yar uwar Toyota Matrix ce, injinta na Corolla ne. Makanike ya buɗe bonet ya ga abin da ya sani, mai shago ya miƙo kayan Corolla su zauna daram. Inda maraicin nata ke bayyana shi ne ranar da aka fasa mata fitila ko bamba, domin waɗannan nata ne na kanta, ba ta tarayya da kowa a kansu.

Golf 3 ma haka. Muna cewa motar Jamus tsada gare ta, amma ku je kowace tasha daga Kano zuwa Katsina, Gusau, Azare, ku ƙirga Golf da Sharan. Direban haya ba ya sayen mota don soyayya, kullum da yamma yake lissafinsa. Golf 3 ta shekarun 1990 mai giyar hannu ce, wutarta kaɗan ce, injinta na kwance yana nan birjik, kuma kowane gareji na bakin tasha ya haddace ta. Volkswagen ɗin da ta biyo baya, irin su Passat da Touareg masu tarin na'urori, tambarinsu ɗaya da Golf ɗin tasha, amma riƙonsu ko kusa bai yi kama da nata ba.

Wannan ya kawo mu kan Marsandi, wadda aka fi yi wa ƙazafi, aka kuma fi yaudarar matasa da ita. Yaudarar a farashin saye take. Sau da yawa za ka tarar da C-Class ta hannu kuɗinta bai kai na Corolla sa'arta ba, sai saurayi ya ce ai gara in hau Benz. Abin da bai tambaya ba shi ne me ya sa ta faɗi haka. Kasuwa ba ta wauta: ta cire kuɗin gyaran da ke tafe ne daga farashin, ta bar maka shi a gaba. Injin V6 na C300 ko E350 yana ɗaukar baƙin mai lita 7 zuwa 8, kuma mai na musamman da kamfanin ya ƙayyade, alhali Corolla mai 1.8 wajen lita 4 ta ishe ta. Tsofaffin V6 ɗinsu na ML320 da E320 fulogi 12 gare su, biyu a kowace silinda, Corolla kuwa 4. Wasu manyan samfuran a kan balan-balan ɗin iska suke tsaye maimakon sifirin, ranar da ɗaya ya fashe za ka tarar da mota ta durƙusa kamar raƙumi. Duk da haka ba mu yarda cewa Marsandi ba ta da ƙarko ba. An ƙera ta ne a kan sharaɗi: a yi mata abu kaza a lokaci kaza, da kaya kaza, a kuma sa mata kwamfuta a ji ciwonta kafin a taɓa ta. Wanda ya cika sharaɗin zai daɗe yana morar ta. Wanda ya sayo ta da kuɗinsa na ƙarshe, ya kai ta inda ake gyara da kintace, wata shida sun yi yawa. A littattafanmu na soyayya dai Alhaji ba ya taɓa zuwa gareji, motarsa sai sheƙi, shi ya sa wataƙila muka taso ba mu san akwai sharaɗin ba.

To ita Toyotar kyauta take ba da araharta? Ko kaɗan. Tun ranar saye take karɓar ladanta. Saboda kowa na son ta, dillali ba ya sassauci, za ka biya ƙarin da zai iya riƙe maka wata motar shekara guda ko biyu. Gaskiya ne kuɗin yakan dawo ranar sayarwa, domin Corolla kamar zinariya take a hannun mata, da safe ka sa ta a kasuwa da yamma an taya. Amma ga wanda zai riƙe mota har ta tsufa a hannunsa, ko wanda bashi ya ci ya saya, wannan ƙarin nauyi ne na gaske.

Farin jini kuma yana da nasa wahalhalun. Motar da kowa ke neman kayanta ita ce ɓarawo ke so, ko ita ɗungurungum ko madubinta ko kwamfutar injinta, domin ya san kafin gari ya waye ya sami mai saye. Ita ce kuma masu jabu suka fi yi wa kaya. Matatar mai, fulogi, takalmin birki, duk za ka same su cikin kwali mai tambarin Toyota, kala uku, farashi uku, mai shago ya tambaye ka "wanne kake so?" Mu kan zaɓi na ƙasa mu ce mun ci riba, bayan wata uku mu dawo. Idan aka tara kuɗin dawowar da kuɗin aikin makanike sau uku, arahar ta zama labari. Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.

Sannan ba kowace Toyota ce Corolla ba. Camry mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009, wadda 'yan kasuwa ke kira Muscle, an san injinta na 2.4 da ƙona baƙin mai saboda yanayin zoben fistin ɗinsa, har kamfanin da kansa ya amince da matsalar a Amurka ya tsawaita garanti a kanta. Waccan garantin ba ta biyo motar ta teku ba. Mai ita a nan, in bai saba duba ma'aunin mai duk mako ba, wata rana a hanyar Zariya zai ji inji ya buga. Ita ma Corolla da muke yabo, yawancin yabon na samfurin 2003 zuwa 2008 ne, mai sauƙin inji da sarƙar taimin maimakon bel. Waɗannan motoci yanzu sun doshi shekara ashirin ko sun wuce. Mota mai shekara ashirin, ko wace ce uwarta, robobinta sun bushe, wayoyinta sun gaji.

Honda ce muke ganin an fi zalunta a wannan musu. Laifinta da kowa ya sani shi ne cire ƙafa: kana tafiya tayar gaba ta kwanta a tsakiyar titi. Abin yana faruwa, ba ƙarya ba ne. Ƙirar ƙafar gaban Accord ta ɗora nauyin mota a kan ƙwallon mahaɗin ƙasa, wanda makanikai ke kira boljoyin, ga ramukan titunanmu, ga jabun kaya. Amma boljoyin ba ya fita sai ya yi gargaɗi, yana ƙara, sitiyari yana nauyi, kuma kuɗinsa bai kai na cika tanki ba. Mai sa a ɗaga motar a duba ƙafa lokacin juye, ya sayi na kirki, da wuya ya ga wannan abin kunya. Ciwon da ya fi wannan tsada shi ne giyar otomatik ta Accord mai V6 ta wajen 2003, wadda Honda ta yi wa kiranye a Amurka a 2004. Ita kam a yi hattara. Amma mai silinda huɗu, injin 2.4, inji ne mai juriya ƙwarai, shi ma sarƙa gare shi. Tunda tsoron cire ƙafa ya karya mata farashi, mutum mai kula zai iya sayen Accord ƙasa da Camry sa'arta, ya ware wani abu daga rarar don ƙafa, ya fita da riba bayan shekara biyar. Sai dai ya sani ranar sayarwa shi ma za a taya masa da wannan tsoron.

Sauran za mu bi ta kansu da sauri. Nissan Altima da Murano masu giyar CVT, kamfanin ya taɓa ninka garantin giyar a Amurka saboda yawan koke, a nan kuwa in ta mutu ba a cika gyara ta ba, sai dai a sayo ta kwance a yi addu'a. Hyundai da Kia sun matso sosai, kayansu sun fara yawaita, shan mansu da dama, amma Sonata ta 2011 da 2012 an yi mata kiranye a 2015 kan matsalar inji, ya kamata mai saye ya bincika ko an taɓa canja mata. Fijo 406 har gobe tana da masoya a Kaduna da Jos da Kano, daɗin tafiyarta a doguwar hanya ba a magana, mai giyar hannu kuma ba ta da fitina in ana canja bel ɗin taimin a kan lokaci. In aka bari ya tsinke, bawul sun tafi. Ƙannenta 307 da 407 wuta ce matsalarsu, kuma mai wayarin da ya iya su ba a kowane gari yake ba.

Yanzu bari mu taɓa inda ke mana ƙaiƙayi, wato yadda muke riƙon motar. Sabuwar tokumbo ta iso, abu na farko da ake ba mai ita shawara shi ne a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa. Sakamakon shi ne inji ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, kwamfuta ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara mai. A lagireto a zuba ruwan rijiya maimakon ruwan da aka tanada, tsatsa ta ci ta daga ciki. Injin da aka rubuta masa siririn mai 5W-20 ko 5W-30 a kan murfinsa, a ɗura masa mai kauri 20W-50, wai zafin Arewa. Matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ake kira indomi, a fasa a sayar, wani lokacin ma mai motar bai sani ba. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, a manna mata baƙin salatif.

Tsohuwar Toyota tana haƙuri da duk wannan, ta yi ta tafiya tana tari. A nan ne ƙarfen nata ya cancanci yabo, ba mu hana ta ba. BMW ko Marsandi ko sabuwar Volkswagen ba sa haƙuri, ranar da aka yi musu haka ranar suke fara ramawa. To idan muka ce wannan ta fi waccan sauƙin riƙo, wani ɓangare na abin da muke aunawa shi ne wacce ta fi jure wulaƙanci. Ko man da muke sha ma yana cikin lissafin. Ba mu manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol, motoci suka yi ta mutuwa a Legas da Abuja. Inji mai tsananin tsari ya fi saurin jin irin wannan.

Ba makanikai muke zagi ba. Yawancinsu sun koyi aiki ne a kan motocin kafireto, a hannun ubangidan da shi ma haka ya koya, babu wanda ya sake horar da su da motoci suka koma kwamfuta. Mu da muka bi ta kwalejojin fasaha mun san irin injinan da ke ɗakunan gwajinmu da shekarunsu. Matasan da suka sayi na'urar binciken mota suka koyi karanta ta suna ƙaruwa a Apo ta Abuja da wasu garejin Kano da Kaduna, kuma duk garin da suka yawaita, tsadar riƙon motar Jamus tana sauka a garin.

Shi ya sa amsar tambayar majalisa take canjawa da gari. Ma'aikacin banki a Abuja mai hawa kwalta daga gida zuwa ofis, ga gwanaye kusa da shi, lissafinsa daban da na malamin makaranta a Gumel ko Nguru, wanda in sansa ɗaya ta mutu sai an aika Kano. 'Yan uwanmu na Agadas ba sa wannan musu ma sam. Mai ratsa Sahara zuwa Dirku Hilux ko Land Cruiser yake nema, domin a can mota in ta tsaya ba kuɗi kaɗai ake asara ba, kuma ya san duk zangon da ya isa akwai mai kayanta.

Akwai kuma abin da ya fi tambari nauyi, shi ne tarihin ita wannan motar da ke gabanka. Kaso mai yawa na tokumbon Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, irin su Copart, wato motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. A gyara bodi, a fesa fenti, a mayar da agogon tafiya baya. Corollar da ta kwana cikin ruwan ambaliya za ta fi lafiyayyar BMW cin kuɗi, domin wutarta ba za ta taɓa daidaita ba. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, da ita ake neman rahoton tarihin motar Amurka a intanet, sau da yawa har da hotunan ranar gwanjo. Kuɗin rahoton bai kai na taya ɗaya ba. Haka takardar kwastan: a Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa, wadda ta biyo ta daji tana da sauƙin kuɗi, har ranar da aka tare ta a hanya.

Kasuwar kuma ba tsaye take ba. Motocin Sin irin su GAC da Changan da Geely suna shigowa sababbi da garanti, wasu a nan ake haɗa su, Innoson na ƙerawa a Nnewi, Dangote ya farfaɗo da haɗa Fijo a Kaduna a 2022. Sabuwa mai garanti tana ba da shekarun farko na kwanciyar hankali da tokumbo ba ta bayarwa. Rauninsu a yanzu shi ne kayan gyara a hannun dila ɗaya suke, na kwance babu, mai saye na biyu kuma yana ɗari-ɗari. Ga masu haɗa fetur da batir irin su Prius, waɗanda tsadar mai ta sa aka fara waiwaya, ga masu mayar da mota kan iskar gas ta CNG. Duk wanda ya fara cika tasha da gareji a cikinsu, shi zai gaji kujerar da 504 ta bar wa Corolla.

Kafin nan, ga abin da muke ba ɗan uwa shawara in kuɗinsa sun haɗu. Kada ya fara da wurin dillali. Ya rubuta motoci biyu ko uku da ransa ke so, da shekararsu da girman injinsu, ya shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko kasuwar kayan mota ta garinsu. Ya tambayi kuɗin shokazoba, famfon mai, fitilar gaba, giya ta kwance da inji na kwance na kowacce, a shago uku daban-daban. Ya lura da wanda aka miƙo masa nan take da wanda aka ce "bari in kira Legas". Daga nan ya wuce garejin da zai riƙa kai ta, ya ƙirga irinta nawa ke ajiye a wurin, ya tambayi tun yaushe kowacce take kwance, da abin da ake jira.